Wa ke biyan kuɗin labarin yaƙin da kuke ji a rediyo?

A tsakiyar watan Maris na 2025, masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka suka kunna rediyo a lokacin da suka saba, sai suka ji kiɗa maimakon labarai. A yankinmu kowa ya san abin da kiɗa ba ƙaƙƙautawa a gidan rediyo ke nufi, har wasu suka fara tambaya ko juyin mulki aka yi a Amurka. Abin da ya faru shi ne, ranar 14 ga watan Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke kula da gidan, washegari aka ce wa ma'aikata kusan 1,300 su zauna a gida. Sashen da ke magana da Hausa tun 1979 ya yi tsit cikin kwana ɗaya.

To, ku tsaya mu duba aljihun da waɗannan gidaje ke ci daga ciki. Muryar Amurka majalisar dokokin ƙasar ce ke ware mata kuɗi. DW ta Jamus daga harajin gwamnatin tarayya take samu. RFI ta Faransa a da kuɗin lasisin da masu akwatin talabijin ke biya ne ke riƙe da ita, aka soke shi a 2022, aka koma yanko mata wani kaso daga harajin sayen kaya. BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ta ɗauki nauyin sashenta na ƙasashen waje har zuwa 2014. Daga nan aka ɗora kaso mafi yawa a kan kuɗin lasisin talabijin da magidantan Birtaniya ke biya, gwamnati tana ciko.

Wanda ya ce bai yarda da rediyon da gwamnati ke ciyarwa ba, ba mu ga laifinsa ba. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Mun san gidajen rediyon jihohi inda labarin farko na gwamna ne, na biyu na matar gwamna, a ce ruwa ya ci gari sai a ƙarshe. Abin da ke raba irin wannan gida da wanda ake amincewa da shi, doka ce da ke tsaya wa edita. Muryar Amurka tana da irinta tun 1976, wadda ta wajabta mata faɗin labari daidai, ba son rai. Sai dai 2025 ta nuna iyakar wannan kariya. Doka na iya hana shugaba gyara maka labari, amma idan ya riƙe kuɗin, sai dai ku haɗu a kotu, kuma kafin alƙali ya yanke hukunci mai sauraro ya riga ya koma WhatsApp.

Me ya sa ba za a bar talla ta ɗauki nauyin ba? Saboda labarin yaƙi tsada gare shi, kuma ba ya kawo riba. Kafin wakili ya aiko da rahoton minti biyu daga fagen daga, akwai mota da direba wanda ya san hanya, rigar sulke da hular kwano, inshora, horo kan yadda ake tsayar da jini da yadda ake magana da mai bindiga a shinge. Akwai editan da zai kira mutum uku ya tabbatar da adadin gawarwaki kafin a faɗa. Akwai lauya, idan aka kama wakilin.

Kuma ana kama su. Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa a Kamaru, an damƙe shi a Marwa a watan Yulin 2015 saboda aikinsa kan rikicin Boko Haram. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017. Sai da aka ɗaukaka ƙara, gidan rediyonsa da ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ta matsa lamba, sannan ya fito a ƙarshen wannan shekarar, bayan fiye da shekara biyu a tsare. Ku yi tunanin wanda ba shi da babban gida a bayansa, wanda ake biya kan kowane rahoto, ba albashi ba inshora. Idan aka rage kasafi, irinsa ake fara sallama, ko kuma a ci gaba da karɓar rahotonsa a janye kariyar.

Wasu ba su dawo ba sam. Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI an sace su a Kidal, arewacin Mali, ranar 2 ga Nuwamban 2013, aka kashe su a bayan gari. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels an harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, yana ɗaukar rahoton hare-haren wannan Juma'ar. Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ya ƙirga aƙalla 124 da aka kashe a 2024 kaɗai, akasarinsu Falasɗinawa a Gaza. Yawancinsu 'yan gida ne, ba baƙin da jirgi zai kwashe idan wuta ta yi zafi ba.

Matsin kuma daga ɓangare biyu yake zuwa. Burkina Faso ta dakatar da BBC da Muryar Amurka a Afrilun 2024 saboda labarin zargin sojoji da kashe fararen hula. Nijar ta rufe RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Can ƙasashen gidajen rediyon kuma ana tsuke bakin aljihu: a Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85 don rage kashe kuɗi. Wata uku bayan haka yaƙi ya ɓarke a Sudan, intanet da wutar lantarki suka riƙa ɗaukewa a Khartoum, dole BBC ta buɗe shirin gaggawa na Larabci a gajeren zango a watan Mayu.