Bindiga a Ɗakin Talaka: Lacca Kan Muhawarar Mallakar Makami

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, ina gaisuwa.

An ce in yi magana a kan tambayar da ta daɗe tana yawo a majalisu da gidajen rediyo: a bar talaka ya riƙe bindiga, ko kuwa? Manya ne suka fara ɗago ta. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi. Ba a jima ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A takarda kuwa da gaskiyarsa, don dokar makamai ta 1959 ta ajiye izinin manyan bindigogi a hannun shugaban ƙasa, na bindigar farauta a hannun sufeto janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma aka bar wa kwamishinan 'yan sanda.

Ni dai ba zan tsaya a nan ƙarƙashin fanka in ga laifin mutumin da aka kore wa shanu, aka ɗauke wa mata, ya sayar da gona ya kai kuɗin fansa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce a ba shi bindiga, na san abin da ya sa.

Amma bari in ba ku labarin bindigar kakana, Allah ya jiƙansa. Maharbi ne. Tana rataye a bango, an naɗe bakinta da tsumma. Kafin ta tashi sai ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba 'yan ƙarafa, ya sake dannawa. Harbi ɗaya, sai a koma farko. Shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. Mutum in ya fusata, kafin ya gama ɗura ta wani ya riƙe shi, ko zuciyar ta sauka. Bindigar yau ba ta ba ka wannan lokaci.

To mu leƙa ƙasar da ta gwada abin da muke shawara a kai. Tun 1791 gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar da haƙƙin riƙe makami, a 2008 kuma kotun ƙolinsu ta ce haƙƙin kowane mutum ne ya ajiye bindiga a gidansa don kare kai. Ƙiyasin 2017 ya nuna fararen hula na da bindigogi kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kaɗai, mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga. Mu abin da muke ji a labarai shi ne na makarantu, irin Sandy Hook a 2012 inda aka kashe yara 20 da manya 6, ko Uvalde a 2022, yara 19 da malamai 2. Ku riƙe wannan: fiye da rabin waɗancan 48,830 su suka harbe kansu. Babu ɓarawo a wajen. Bindigar da aka saya don baƙo, mai gida ta ci.

Na ga ƙanina can baya yana girgiza kai. Na san abin da za ka ce, mu masu imani ne, kashe kai ba ɗabi'armu ba ce. Alhamdulillahi. To rikicin gado fa? Iyakar gona fa, da farkon damina? Ranar zaɓe fa? Yaron da ya sha ƙwaya ya shigo gida, ya san inda babansa ke ɓoye ta? Ɗan bindiga wataƙila ya zo sau ɗaya ko biyu a shekara. Ita kuwa kullum tana ƙarƙashin gado, tare da mu da fushinmu da 'ya'yanmu.

Sannan wace bindiga lasisin zai ba ka? Ta farauta. Wanda zai zo maka yana kan babur, su uku, da AK-47, irin makaman da suka ƙara malalowa yankin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. In ya ji akwai bindiga a gidanka, gidanka zai fara nufa.

Kuma mun riga mun ɗanɗana. 'Yan sa kai sun tsare garuruwa, wannan ba a musu. Amma an ga inda suka tare bafulatani a kasuwa ba shari'a ba bincike, aka kwana biyu ramuwar gayya ta faɗa wa ƙauyen da bai ji ba bai gani ba.

Ra'ayina, in har sai an ba da makami, a ba mutanen da aka tantance, hakimi da limami sun san su, an horar da su, akwai albashi, akwai wanda zai tuhume su. Kowace bindiga da lambarta, kowane harsashi a ƙirga, in an tashi daga aiki a mayar ɗakin ajiya. Katsina ta kafa irin wannan runduna a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Abin da nake so 'yan majalisarmu su riƙa tambaya shi ne: littafin ƙirgar yana hannun wa, kuma ranar da aka daina biyan albashi, wa zai bi gida gida ya karɓo bindigogin?

Malam mai gabatarwa ya miƙo mini takarda sau biyu. Baba, na ga hannunka tun ɗazu, a kai masa abin magana.