Mata a Kujerun Daraktocin Bankuna

Jama'a masu sauraro, a shekarar 2012, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Najeriya, bankunan ƙasar nan suka amince da wani buri: kashi 30 cikin ɗari na kujerun daraktoci su koma hannun mata, sannan kashi 40 na manyan manajoji su ma su zama mata.

Kada a raina wannan kujera. Daraktoci ne ke naɗa shugaban banki, su ne ke sauke shi. Su ke sa hannu a kan manyan basussuka, su ke ba da shawarar ribar da za a raba wa masu hannun jari. Duk wanda babu shi a wannan ɗaki, to an yanke masa hukunci ne a bayan idonsa, kuma shekara da shekaru haka aka yi wa mata, alhali kuɗinsu na cikin asusun.

An ga sauyi, kuma abin a yaba ne. A 2015 aka zaɓi Ibukun Awosika ta shugabanci daraktocin First Bank, mace ta farko a bankin da aka kafa tun 1894. A shekarar ce Osaretin Demuren ta hau irin wannan kujera a GTBank, Mosun Belo-Olusoga kuma a Access. Abin da ya fi faranta min rai ya zo daga baya: Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi ragamar Fidelity a 2021, Miriam Olusanya ta karɓi GTBank a shekarar, Adaora Umeoji ta zama shugabar Zenith a 2024. Waɗannan ba zaman taro kawai suke yi ba, su ke tafiyar da bankin kullum.

Dalilin da ya sa na bambanta kujerar darakta da ta mai tafiyar da banki shi ne abin da ya faru a Norway. A 2003 majalisar ƙasar ta yi doka cewa manyan kamfanonin hannun jari su ba kowane jinsi aƙalla kashi 40 na kujerun daraktoci, kuma daga 2008 kamfanin da ya ƙi ana iya rushe shi. Kamfanoni suka bi, adadi ya cika. Sai dai wasu manyan mata ƙalilan ne suka riƙa tara kujeru da yawa a kamfanoni daban-daban, har aka yi musu laƙabi da masu siket ɗin zinariya, ofishin shugaban kamfani kuwa ya ci gaba da zama na maza a mafi yawan wurare. Doka ta cika kujera, ba ta gina matakalar hawa ba. Shi ya sa nake ganin kashi 40 na manajoji da aka ambata a 2012 ya fi kashi 30 ɗin nauyi, domin daga cikin manajojin yau ake samun daraktocin gobe.

Nan ne maganar ta zo gida. A saurari sunayen da na lissafa, a ƙirga 'yan Arewa. A wajen wannan jeri, akwai Halima Buba da ta shugabanci bankin SunTrust, akwai Aishah Ahmad da ta zama mataimakiyar gwamnan Babban Banki a 2018, amma ba su da yawa, kuma abin yana damuna. Darakta ba ta faɗowa daga sama. Sai ta gama sakandare, ta yi digiri a lissafin kuɗi ko shari'a ko tattalin arziki, ta shafe kusan shekara ashirin tana aiki, gida ya tsaya mata lokacin goyo da canjin wurin aiki. Yarinyar da aka cire daga aji uku ba ta cikin wannan layi, ko da an ware wa mata rabin kujerun.

Masu sauraro da ke da hannun jari, ko na naira dubu biyar ne, rahoton shekara yana ɗauke da sunayen daraktocin kamfaninku. A babban taron shekara ku ake tambaya kafin a sabunta wa'adinsu, kuma kuna da ikon ɗaga hannu ku tambayi mata nawa ne ke cikin manyan manajoji, daga ina kuma aka ɗauko su.