Ajin da Kowa Ke Cewa "Yes Sir"

[Hoto: ajin firamare da safe, wasu yara kan benci, wasu a ƙasa]

Assalamu alaikum malamai da iyayen yara. Ku zo mu leƙa wani aji huɗu, a ce a Mabera ne ko Runjin Sambo cikin garin Sakkwato. Malam ya gama bayani da Turanci, ya juyo ya ce, "Do you understand?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Yes sir!" Har masu wucewa a titi sun ji. To, ja yaro ɗaya gefe ka tambaye shi da Hausa me malam ya ce. Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga.

Yaron nan fa ba daƙiƙi ba ne. Da asuba ya biya allonsa, da yamma in an aike shi sayen albasa zai kawo canji daidai. Kaya biyu aka aza masa lokaci guda: ga darasi, ga harshen da ake darasin da shi. Shi kuwa wannan harshe, ba ya jin sa a gida, ba ya jin sa a kasuwa, sai tsakanin bango huɗu na aji.

[Hoto: shekaru suna bayyana a allo]

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa, Turanci ya zama darasi guda, daga baya a juya zuwa Turanci. Shekara da shekaru aji huɗu ne wurin juyawar. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai harshen gida har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ta sanar da janye wannan. Manufa tana juyawa a Abuja, amma yaron da ke gabanka, Malam, shi ne dai na jiya.

An taɓa gwada abin a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi, da kyau. Tsoron mutane shi ne yaran za su fito ba Turanci. Ba haka ta faru ba. Ba a bar su a baya ba a Turancin, sun ma fi takwarorinsu a darussa da dama. Nan Sakkwato kuma malamai da yawa sun san littattafan Mu Karanta, waɗanda aka shigo da su makarantun Sakkwato da Bauchi ta shirin tallafa wa ilimi na NEI Plus tare da SUBEB, hukumar jiha mai kula da ilimin firamare. Tunaninsu ke nan: yaro ya iya karatu da Hausa tukuna, Turanci ya biyo baya. Domin haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, sau ɗaya ake koyon sa a rayuwa. Wanda ya iya da Hausa, da guzurinsa zai shiga Turanci.

[Hoto: bakin malama kusa, tana furta sauti]

Sai dai akwai wuraren da guzurin ke cin amana, kuma a nan nake so mu daɗe.

Rubutun Hausa mai gaskiya ne, abin da ka gani kusan shi za ka faɗa. Turanci kuwa harafi 26 ne ke ɗauke da sauti kusan 44. Ɗauki harafin c. Yaro ya san shi a "ciki" da "cokali". Ka rubuta masa "cat", sai ya karanta "chat", kuma bisa abin da aka koya masa, bai yi kuskure ba. Kada a yi masa tsawa. A gaya masa da Hausa, ƙarara: wannan harafi in ya shiga Turanci murya yake sauyawa, wani lokaci k, wani lokaci s.

Sai p da f. Hausa ba ta raba su, shi ya sa muke da fensir da famfo da fasinja, har da ita kanta firamare. Ɗan Sakkwato kuma nasa ya ɗara, don shi "tahi" yake cewa, da "kihi", da "hwara". Ka ga kafin ya kai ga f ta Bature akwai tafiya. Dabarar ba ta cin ko sisi. A yaga 'yar takarda, yaro ya riƙe gaban bakinsa. In ya ce "pan", leɓɓa su haɗu su fashe, takarda ta yi tsalle. In zai ce "fan", haƙoran sama su sauka kan leɓen ƙasa. Minti biyu kullum ya wadatar, kuma yara suna ɗaukar sa wasa.

Haka baƙaƙen da ke cunkushe. Harshenmu ba ya son baƙi biyu su fara kalma ba wasali tsakani, don haka muka mai da "bread" burodi, "brush" buroshi. Ni a ganina waɗannan kalmomin aro dukiya ce da malamai ke takawa su wuce. Tebur, benci, bokiti, mota, asibiti: yaro ya zo makaranta da Turanci a aljihu bai sani ba. Ka ce masa, "Ka san bokiti? Bature 'bucket' yake cewa." Ka ga ido ya buɗe.

Wani abin ma riba ce tsantsa. Kunnen Bahaushe ya saba da gajeren wasali da dogo. Gari na mutane daban, gari na tuwo daban. Yaron da ke jin wannan bambanci ya kama hanyar raba "ship" da "sheep".

[Hoto: yara suna tashi, suna taɓa kai, suna nuna ƙofa]

To yaya za a gane ya fahimta, tunda "Yes sir" ba shaida ba ce? A sa jiki ya amsa. "Touch your head." "Open the door." "Give the book to her." Wanda ya gane zai yi, wanda bai gane ba zai tsaya ya kalli na kusa, kai kuma ka gan shi. Wani Ba'amurke, James Asher, shi ya tsara wannan hanya tun shekarun 1960, kodayake kowace uwa da ita take koya wa ɗanta magana. A aji mai cunkoso, inda malam ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, tana da daɗin aiki.

Amshi baki ɗaya ba laifi ba ne, da shi muka tashi a makarantar allo, kuma yana sa mai kunya ya buɗe baki cikin taro. Amma kada a tsaya nan. Bayan amshi, kowa ya juya ga na kusa da shi su gwada su biyu. In sun fara tattauna amsar da Hausa kafin su faɗe ta da Turanci, a ƙyale su, tunani suke yi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne cin tara ko bulala don yaro ya yi Hausa. Ba ya ƙara Turanci, shiru kawai yake ƙarawa.

In kin yi tambaya kuma, Malama, ki ƙirga zuwa biyar a zuci kafin ki nuna wani. Yarinyar can ta ƙarshen benci tana juya tambayar zuwa Hausa, ta nemo amsa, ta sake mai da ita Turanci. Wasu yaran ma sai su yi makonni suna sauraro kafin su fara furtawa.

[Hoto: littafin lissafi na aji biyar]

Akwai tarkon da ke kama iyaye. Yaro ya iya "Good morning" da "How are you", sai a ce ai ya ji Turanci. Jim Cummins, wani masani a Kanada, ya nuna cewa Turancin hira yakan samu cikin kamar shekara biyu, amma na littafi da jarabawa yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. A ƙasar da Turanci ke ko'ina ke nan, balle a Gwadabawa ko Illela. Kalmomi irin su "altogether" da "remain" su ke kayar da yara a lissafi, alhali lissafin sun iya shi. Don haka kafin darasi a zaɓi kalma uku ko huɗu, a bayyana su da Hausa, a nuna da tsakuwa ko marafan kwalba, a bar su rubuce a gefen allo har mako ya ƙare.

A kuma tuna ba kowane ɗan ajin ne Hausa ke harshen gidansu ba. Akwai mai Fulatanci, akwai mai Zabarmanci, su Turanci na uku ne gare su. Fulatanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, don haka in Bafulatana ta ce "he" tana nufin yayarta, ka san inda abin ya samo asali.

Iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci, akwai naku aikin. Baba, in ya dawo ka ce ya gaya maka da Hausa abin da aka koya yau. Inna, tatsuniyar dare kada ta mutu, don yaron da ya saba bin labari daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus" zai bi na littafi. In ya kasa maimaita darasin kwana uku a jere, a leƙa makaranta a gaisa da malaminsa, a tambaye shi wace kalma ce ta tsaya wa yaron.