Dubu 85 a Legas: maigadi da ɗan dako suna ciki?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a, daga Agege muke gaishe ku. Yau zancen mafi ƙarancin albashi za mu yi. Hajiya Binta, ke ce ma'aikaciyar gwamnati a cikinmu, bismillah.

Hajiya Binta: To Malam, a watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar naira 70,000, bayan an kai ruwa rana da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC. Kun tuna yajin aikin watan Yuni da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Kafin nan 30,000 ne tun 2019. Nan Legas Gwamna Sanwo-Olu ya ce 85,000 zai biya ma'aikatan jiha.

Aminu: Hajiya, ni 'yan'uwanmu nake tunawa. Mai gadin gida a Ikoyi, ɗan dako a kasuwar Mile 12, dokar ta shafe su?

Hajiya Binta: Ba ta shafe su ba, Aminu. Ta ware duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga, da leburorin gona na damina.

Malam Sani: Wallahi nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya baro Katsina ko Sakkwato, ya kwana a bakin ƙofa cikin sauro da ruwan sama, ƙarshen wata a miƙa masa abin da maigida ya ga dama. A ciki zai ci, a ciki zai aika wa iyali, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ba takarda, ba shaida.

Aminu: Alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya ta 189 tun 2011, wadda ta ce masu aikin gida, har da masu gadi, a sa su cikin mafi ƙarancin albashi kamar kowa.

Hajiya Binta: Haka ne. Amma ku ji wannan: maigadin da kamfanin tsaro ya ɗauka, in kamfanin na da ma'aikata 25 ko fiye, 70,000 haƙƙinsa ne a doka. Ya nemi takardar ɗaukar aiki, ya adana shaidar kowane biya.

Malam Sani: Sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba, don Allah ku isar da wannan a masallatai da majalisu. Mu je hutu, mu dawo da saƙonninku.