Lacca Kan Haɗa Ƙananan Tashoshin Jirgin Ƙasa Da Katakon Filawud

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da kafintocin da suka amsa gayyata, ina yi muku barka da zuwa.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da suke ƙera ƙananan jiragen ƙasa a ɗakunansu, da layin dogo da tashoshi, kuma a shekarun nan kamfanoni suna sayar musu da gine-ginen tsofaffin tashoshi a ƙunshe, an yanka sassansu daga siririn filawud da injin leza, mai saye ya haɗa da hannunsa. Duk wanda ya duba waɗannan kaya zai tarar da tashoshin Turai da Amurka ne kusan gaba ɗaya, alhali mu ma muna da namu da suka haura shekara ɗari. An fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1907, jirgi ya iso Kano a 1911, layin Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, na Nguru kuma a 1930. Wasu daga cikin gine-ginen waɗannan layuka suna nan tsaye, wasu kuwa rufinsu ya yaye.

Abin da za a fara yanke shawara a kansa shi ne ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato kashi 1 cikin 87, inda ƙofa mai tsawon mita 2.1 take komawa kusan milimita 24. Turawan Ingila sun fi amfani da OO, kashi 1 cikin 76. To amma akwai abin lura, domin tsohon layin dogon Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, bai kai na Turai mai milimita 1,435 ba. Idan mutum ya ɗora tashar Zariya a gefen layin HO na kanti mai milimita 16.5, layin ya yi mata faɗi, kuma wanda ya san wurin zai gane nan take. Masu wannan sana'a a New Zealand, da yake faɗin layinsu irin namu ne, sun warware matsalar da kashi 1 cikin 64, inda milimita 16.5 ɗin take dacewa kusan daidai. Wanda ya nace wa 87 kuwa sai ya nemi layi mai milimita 12.

Shi filawud ɓawon katako ne da aka jera hawa-hawa, yawanci uku ko biyar, kowane hawa jijiyarsa tana gitta ta na ƙasansa, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Mai kaurin milimita 3 ya dace da bango, domin a ma'aunin 87 yana daidai da santimita 26, kusan bangon inci tara da aka yi wa filasta. Tagogi da ƙofofi sai na milimita 0.6 ko 0.8, irin na masu ƙera ƙananan jiragen sama. Rufin kwano kuwa filawud ba zai iya shi ba, tunda tudun kwanon bai kai milimita ɗaya ba idan an rage shi. Gara a matse siririn goran ruwa, wato alminiyam, a kan wani abu mai layi-layi.

Wajen haɗawa, a yanke sassan da reza, kada a ɓalle su da yatsa. Leza tana barin baƙin ƙuna a gefen katako, kuma gam ba ya kama shi sosai, don haka a goge shi kaɗan. A gwada haɗa bangon huɗu ba tare da gam ba tukuna, sannan a shafa farin gam na kafintoci da tsinke, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi har ya bushe. A yanayinmu kuma wajibi ne a yi wa katakon fenti ciki da waje, domin idan fuska ɗaya ce kawai aka rufe, danshin damina da bushewar hunturu za su lanƙwasa bangon.

Ni dai a ganina duk wannan shi ne mai sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne awo, kuma a nan ne amfaninsa yake a gare mu, domin injin ba zai yanka abin da ba a zana masa ba, zane kuwa sai an je tashar da tef ɗin awo da littafi, bayan an nemi izinin jami'an Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. A auna faɗin baranda da tazarar ginshiƙanta, a ƙirga layukan bulo inda tsani ba zai kai ba, a ɗauki hoton kowane bango ana fuskantarsa kai tsaye, da sanda mai mita ɗaya jingine a jikinsa. A tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe inda tagar sayar da tikiti take a da, da launin fentin da suka tarar, a rubuta amsarsu a gefen zanen tare da ranar da aka yi awon. Wanda yake da tambaya a kan ma'auni sai ya ɗaga hannu, mu fara da ita.