Amsoshin Tambayoyinku: Mai Tallan Kayan Ƙawa da Littafin Waƙarta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon da yawansu sun karkata wuri guda, don haka na ware huɗu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in lokaci ya bar mu.

Ta farko daga wata matashiya ce da ta roƙi a sakaya sunanta. Shekararta 22, kuma shekara uku ke nan tana tallan kayan ƙawa, wato a ɗauke ta hoto sanye da tufafin kamfani, ko ta taka dandamali tana nuna su. Amma ta ce ita zuciyarta na wajen waƙa. Da kanta take rubuta baiti, da kanta take ɗora kari, ba ta ƙarƙashin kowane kamfani. Ga abin da ta rubuto: "Wata takwas ke nan ina da waƙoƙi biyar a waya, ko ɗaya ban ƙarasa ba. Duk ranar da na kama situdiyo sai a kira ni aiki. In bar talla ne in rungumi waƙa, ko in haƙura da waƙar?"

To ƙanwata, kada ki saki ko ɗaya tukuna. Abin da ya rage miki shi ne ki san matsayin kowanne a rayuwarki. Talla ƙodago ne, waƙa kuwa gonarki ce. Ranar da aka ɗauke ki hoto, a dokar yawancin ƙasashe haƙƙin mallakar hoton yana hannun mai kyamara ko kamfanin da ya sa shi aiki. Ke ladan yini aka ba ki, da kuɗin aron fuskarki na wani lokaci. In wa'adin ya cika, zance ya ƙare. Amma waƙar da kika rubuta taki ce tun ranar da kika sa ta a takarda ko kika naɗe ta. Akwai yarjejeniyar Berne ta shekarar 1886, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga, ta ce ba sai an yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata, kuma yana nan muddin ranki, har da aƙalla shekara 50 bayan rasuwa. Ƙasashe da yawa ma sun mayar da shi 70. Wato jikokinki za su iya cin gajiyar amshin da kike gunguni yanzu a layin tantancewa. Ba hoton tallan da zai yi miki haka.

Sai dai mai ƙodagon da ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, shi ma ya yi wauta. Bari in taɓo inda nake jin matsalarki take. A sana'ar nan akwai abin da ake yi na riƙe rana: kamfani ya ce wa dillalanki a ajiye masa ke ranar Laraba, bai tabbatar ba, bai kuma sake ki ba. Ki soke situdiyo, ki zauna kina kallon waya, daren Talata a ce an fasa. Kin rasa aikin, kin rasa waƙar. Maganin wannan yana cikin sana'ar kanta. Mai talla tana da damar rubuta wa dillalanta tun da wuri cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza ba ta nan, kada a sa sunanta a ko'ina. Manyan masu talla suna yi, ba a ɗauke shi laifi ba. Matasa ne ke tsoro, gani suke in sun ce a'a sau ɗaya an manta da su. Ki zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa. Manyan bukukuwan nuna kaya na New York da Landan da Milan da Paris suna zuwa ne a Fabrairu zuwa farkon Maris, sai kuma Satumba zuwa farkon Oktoba. Waɗannan makonnin ki bar wa talla, ko tunanin situdiyo kada ki yi. Bayansu ki yanki kwana goma a jere, ki kulle su.

Na ce a jere da gangan. Awa biyun da kike zaune gaban madubi ana gyara miki gashi, ido a rufe ana shafa hoda, sun isa ki samo ƙafiya ko ki raɗa wa wayarki wani kari da ya faɗo miki. Shi ya sa kike da biyar. Fara waƙa yana yiwuwa a tsaye, ƙarasa ta kuwa sai an zauna, a saurara, a yar da baiti na biyu, a kwana, a dawo da safe a gane ashe na jiyan ya fi. Cikin biyar ɗin nan ki ɗauki ɗaya, wadda in kin rera ta ba kiɗa ba ta ba ki kunya. Sauran huɗun su jira.

Abu na ƙarshe gare ki, kuɗi. Dillalai kan cire kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da aka biya ki, sannan su zabge kuɗin jirgi da na masauki in su suka biya miki, kuma ragowar takan yi wata biyu ko uku kafin ta iso. Kada ki kama ranar situdiyo da kuɗin aikin da kika yi jiya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani saurayi ne, shi ma yana talla yana waƙa. Ya ce kamfanin dillancin da ke nemo masa aiki ya kawo masa sabon kwantiragi na shekara biyar, da kuɗin kafin alƙalami mai tsoka, amma a ciki an rubuta cewa suna da kaso a duk abin da ya samu ta hanyar nishaɗantarwa, kuma suna da ikon amfani da sunansa da siffarsa da muryarsa. Yana tambaya ko ya sa hannu.

Ɗan'uwa, ajiye biron nan. Kalmar "muryarsa" a takardar masu tallan tufafi, me ya kawo ta? Riga ba ta magana. Wanda ya rubuta wannan layin ya san kana waƙa, kuma ya hango abin da kai ba ka hango ba tukuna.

Ka fahimci cewa kowace waƙa tana ɗauke da dukiya biyu. Akwai rubutun, wato baitoci da kari, wannan na marubuci ne. Akwai kuma naɗin, sautin da aka ɗauka a situdiyo, wannan na wanda ya biya kuɗin ɗaukar ne ko wanda takarda ta ba. Kowanne da hanyar kuɗinsa daban. Labarin mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ya isa misali. A 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da naɗin kundayen waƙoƙinta shida na farko, ba tare da ita ce mai saye ba. Abin da ya cece ta shi ne rubutun yana hannunta, don haka daga ƙarshen 2020 ta koma situdiyo ta sake rera huɗu daga cikinsu, sai a watan Mayun 2025 ta iya sayen na asalin. Wannan fa mace ce da duniya ta san da zamanta, ga dukiya ga lauyoyi, amma sai da ta shekara shida tana fama. Kai da kake farawa, in ka bayar, da me za ka karɓo?

Irin wannan kwantiragi mai lashe ko'ina, masu waƙa sun san shi, suna ce masa 360, don ya zagaye ka ta kowace fuska. Ko a hannun kamfanin waƙa, wanda aƙalla yake da furodusoshi da hanyar shiga gidajen rediyo, ana yi masa kallon tsanaki, balle a hannun wanda bai taɓa fitar da faifai ba. Kuɗin kafin alƙalamin kuma bashi ne, daga abin da ka samu za a zare shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Don ka sami ma'auni, jihar New York ta Amurka ta yi doka kan masu wannan sana'a, ta fara aiki a watan Yunin 2025. Ta hana dillali cire fiye da kashi 20, ta hana kwantiragi ya wuce shekara uku, ta kuma wajabta sai mai talla ya ba da izini a rubuce kafin a ƙera kamanninsa da kwamfuta. Mai yiwuwa dokar inda kake ba haka take ba, amma ka ga abin da aka ɗauka adalci a ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin sana'ar. Naka shekara biyar ne. Ka nemi a tsaida takardar a kan talla kaɗai, a rubuta ƙarara cewa waƙa ba ta ciki, a goge murya. Ka duba kuma sharaɗin keɓancewa, don in ka tallata takalmin wani kamfani, ana iya hana ka sa na abokin gogayyarsa ko da a bidiyon waƙarka ne. Sannan ka kai wa lauya, naka na kanka, ba wanda su suka nuna maka ba. In suka ce tayin zai ƙare gobe, to ka bar shi ya ƙare.

Ta uku gajera ce. Wata uwa ce, ɗiyarta na kan wannan hanya, take tambaya: shin akwai ma wanda ya taɓa haɗa biyun ya kai labari, ko taura biyu ce ba ta taunuwa?

Hajiya, akwai. Grace Jones, haifaffiyar Jamaika, ta yi suna a tallan kaya a Paris kafin ta fitar da kundinta na farko a 1977. Whitney Houston ta fito a bangon mujallar Seventeen a 1981, shekara huɗu kafin kundinta na farko. Amma wadda ta fi dacewa da tambayarki ita ce Carla Bruni, don ita marubuciyar waƙa ce. Tana cikin manyan masu talla na duniya ta ajiye aikin a 1997, ta rubuta wa mawaƙin Faransa Julien Clerc baitoci, nata kundin bai fito ba sai 2002, a wani kamfani mai zaman kansa, kuma ya karɓu ƙwarai. Shekara biyar ke nan a tsakani. Akwai kuma ɗaya gefen: shahararriyar mai talla Naomi Campbell ta fitar da kundi a 1994 tana tsakiyar tashenta, bai yi kasuwa a Birtaniya ba. A nawa karatun, taurar tana taunuwa, amma ɗaya bayan ɗaya. Ki kuma faɗa wa ɗiyarki kada yawan mabiya a Instagram ya ruɗe ta. Wanda ya zo kallon hoto ba lallai ya tsaya sauraron baiti ba, wasu ma tun kafin ta buɗe baki sun yanke cewa kyau ne kawai.

Ta huɗu, wani mai sauraro yana son sanin yadda mutum zai fitar da waƙa ba kamfani, da nawa ake samu.

Fitarwar ba wuya. Akwai kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby, ka ba su waƙar su kai ta Spotify da Apple Music da sauransu, mallakar tana hannunka. Samun ne sai a hankali. Spotify ba shi da tsayayyen farashi kan kowane sauraro. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ya shigo masa yake warewa, a raba gwargwadon yawan sauraro, kuma tun watan Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, naɗinta ba ya samun ko sisi daga wannan kason. Ka ga dalilin da ya sa na hana ƙanwarmu ta farko sakin talla.

Abu biyu ne masu zaman kansu ke mantawa. Na ɗaya, shiga ƙungiyar da ke karɓo wa marubuta haƙƙinsu duk inda aka sa waƙarsu. Asalin irin wannan ƙungiya yana ba ni dariya. An ce a 1847 wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shaƙatawa a Paris, ya ji ana rera waƙarsa, da aka kawo masa lissafin abin da ya sha sai ya ce ba zai biya ba, tunda su ma ba su biya shi ba. Aka je kotu, ya yi nasara, daga nan aka kafa ƙungiyar Faransa mai suna SACEM a 1851. Amurka ta biyo da ASCAP a 1914. Yawancin ƙasashe yanzu suna da tasu, ka nemi ta ƙasarka.

Na biyu, takardar rabo. Ranar da kuka gama waƙa, kafin kowa ya ɗauki jakarsa, a yago takarda a rubuta sunan waƙar, da kwanan wata, da wanda ya yi baiti, da wanda ya haɗa kiɗa, da kason kowa, kowa ya sa hannu, a ɗauke ta hoto a waya. Na san da nauyi, ana cikin raha ka zaro biro kamar mai karɓar haraji. Amma minti biyar ne, kuma a ranar kowa zai yarda da nasa kason, tunda waƙar ba ta kawo komai ba tukuna.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Akwai wasiƙar wata da ke tambaya yadda za ta kiyaye muryarta da yawan tafiyar jirgi da rashin barci, ita za mu fara da ita mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi. Mu kwana lafiya.