Sharhi: Ɗalibi Ya Rubuta, Malami Ya Duba

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya duba wata ɗabi'a ce da ke yaɗuwa tsakanin ɗalibanmu, wato wanda ya gane wani darasi na lissafi ko kimiyya ya zauna ya rubuta bayaninsa daki-daki, sannan ya saka a intanet domin 'yan uwansa su amfana.

Kowa ya san inda gizo ke saƙar. Yaron da ke son karanta likitanci ko injiniyanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko a Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau, dole ya kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, sannan ya haye JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Lissafin nan shi ne ke tsayar da yara da yawa a bakin ƙofa, kuma ba don Allah bai ba su basira ba. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ne, minti arba'in ne, na bayan aji ko allon ba ya gani sosai. Mai hali ya biya wa ɗansa kuɗin lesin da yamma. Marar hali kuwa sai ɗansa ya koma ga hadda, ya shiga jarrabawa da ƙa'idojin da bai san daga ina suka fito ba.

To a nan ne rubutun ɗalibi ga ɗalibi ke da rana. Mu ɗauki ƙaramin misali. A ce wa yaro ya tara ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Da yawa za su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce biyu bisa biyar. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa ya riga ya manta yadda wannan kuskure ke kama mutum. Amma yayarsa da ke aji biyu a jami'a ba ta manta ba, domin ba a daɗe ba ita ma ta faɗa ramin. Sai ta rubuta masa cewa: ɗauki Naira 600. Rabinta 300 ne, sulusinta 200. Haɗa su, ka sami 500. Ɗari biyar cikin ɗari shida, wato biyar bisa shida. Shi ke nan, yaro ya ga dalilin da ya sa ake fara daidaita na ƙasa kafin a tara na sama. Ita kuma mai rubutun, wajen neman hanyar da za ta sauƙaƙa masa, ta ƙara gane abin fiye da ranar da aka koya mata. Duk wanda ya taɓa koyarwa zai shaida haka.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Makarantar intanet ta Khan Academy da ake amfani da ita a duniya yau, asalinta wani mutum ne a Amurka mai suna Salman Khan da ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, daga baya a 2006 ya fara ɗora darussan a YouTube. Mu ma lissafi ba baƙonmu ba ne. Malam Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu mai zurfi kan jera lambobi a cikin hatimi. Har gobe kuma malamanmu na zaure suna raba gado da rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi da sudusi, ba tare da kuskuren ƙwandala ba.

Abin da ɗalibinmu zai iya wanda na Amurka ba zai iya ba shi ne kawo misali daga ƙofar gida. Mai bayanin yadda ƙarfin ruwa ke komawa lantarki yana da madatsar Dadin Kowa, inda ruwa ke gangarowa ya juya injin. Mai bayanin yadda zafi ke sauya sinadari yana da Ashaka, inda ake gasa dutsen farar ƙasa har iskar da ke cikinsa ta fice kafin a sami siminti. Mai maganar ma'aunin zafi ya tuna ruwan Wikki a Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. A yi bayanin da Hausa, amma a bar sunayen abubuwa yadda suke a littafin makaranta, domin da Turanci yaron zai tarar da tambayar ranar jarrabawa.

Sai dai, masu sauraro, akwai inda hankalinmu bai kwanta ba, kuma shi ne maƙasudin wannan sharhi. Wa ke duba abin da aka rubuta kafin ya fita? Malami in ya yi kuskure a aji, yara hamsin ko sittin ne suka ji, gobe ya dawo ya gyara. Amma shafi ɗaya da aka juya alamar ɗebewa ta koma ta tarawa, in ya shiga WhatsApp, kafin la'asar ya kai Azare, ya kai Misau, ya kai Ningi, babu mai iya kiransa ya dawo. Yaron da ya karanta kuwa bai da yadda zai gane kuskure ne, tunda da ya sani da bai zo nema ba. A tsangaya ma gardi na biya wa ƙolo karatu, amma ba a sakin yaro da allonsa sai malam ya duba rubutun ya gyara. Wannan tsari shi muke so a nan. Kowane darasi ya ɗauki sunan wanda ya rubuta da sunan malamin da ya duba. Wanda aka nuna wa kuskure kuma kada ya ɗauka cin fuska ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Haka nan a bambance tsakanin koyarwa da satar amsa. Masu buɗe zauruka a WhatsApp ana gobe jarrabawa suna karɓar kuɗi da sunan za su turo amsoshi, waɗannan ba malamai ba ne, masu kashe yara ne da ransu. Shi ma wanda ya kwafo aikin wani ya manna sunansa, ko ya sa manhajar kwamfuta ta rubuta masa abin da shi kansa bai gane ba, bai taimaki kowa ba.

Masu rubutun su kuma tuna da wanda suke yi dominsa. Data tsada, wuta ba kullum ba, yarinyar da ke Darazo wataƙila wayar yayanta take ara na minti goma. Hoton shafi ɗaya mai tsabtataccen rubutu, ko gajeriyar murya ta minti biyu, ya fi mata bidiyon rabin awa da ba zai buɗe ba.

Kiranmu ga sassan lissafi da kimiyya na jami'o'inmu, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, shi ne su rungumi wannan aiki. A ware malamai biyu ko uku masu dubawa a kowane zango, a kuma sanya rubuta darasi ɗaya ingantacce cikin aikin da ake ba ɗalibi maki a kansa. Ma'aikatar Ilimi ta jiha kuwa ta tattara waɗanda aka tantance, ta buga su a takarda, ta kai makarantun karkara inda sabis ba ya kaiwa, tun kafin yara 'yan aji shida su zauna jarrabawar bana.